Daga Tafkin Kaka Zuwa Tudun Murjani

Na haura shekara arba'in kafin in koyi iyo, kuma ba sha'awa ce ta sa na koya ba. Dole ce.

A gida ni malamar sakandare ce. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yammata a Funtuwa kafin mu taso mu biyo maigidana zuwa garin Greensboro a Amurka. Da na zo, sai aka ce takarduna ba su isa a ba ni aji ba. Na kama aikin da yawancin matanmu ke kamawa a nan, wato kula da tsofaffi a gidajensu, da yamma kuma ina zuwa jami'a ina cike kwasa-kwasan da sai da su za a ba ni lasisin koyarwa. Maigidana yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito da ke wajen titin Wendover, kuma a nan kusa muke haya da yaranmu uku.

A hankali na ci kwasa-kwasan har ya rage saura ɗaya, irin wanda sai an fita daga aji an je an ga halittu a inda suke rayuwa. Akwai na tsuntsaye a duwatsun yammacin jihar, shi na sa wa rai, amma kafin in yi rajista ya cika. Wanda ya rage shi ne na murjanin teku. Za a yi karatu a aji tun daga lokacin sanyi, in zafi ya shigo kuma a tafi wani ƙaramin tsibiri a tekun Karibiyan a yi mako biyu ana shiga ruwa. In ban ɗauke shi ba, sai in jira wata shekara cur.

Ranar farko a aji, farfesar da ke koyar da mu, wata doguwar mace wadda rana ta ƙona mata fata, ta ce ba wanda zai hau jirgi sai ya ci jarrabawar iyo a ƙarshen watan Mayu. Ɗaliban, waɗanda kusan dukansu na haife su, ko gezau ba su yi ba. Ni kuwa ban taɓa shiga ruwa ba. A inda na tashi, 'ya mace ba ta iyo. Kududdufin bayan gidanmu ma, in damina ta cika shi, mahaifiyarmu ko kusa da shi ba ta bari mu gifta.

Na bari sai da maigidana ya ci abinci ya natsu sannan na faɗa masa.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana tun muna gida, "ke da kike runtse ido in za ki wanke fuska, teku za ki shiga?"

"Malam, in ban je ba shekara guda zan yi asara."

"Ai gara asarar shekara da asarar uwar 'ya'ya."

Ya tambayi waɗanda za a je da su, da inda za a kwana, da irin suturar da ake shiga ruwa da ita. Na nuna masa a waya akwai kayan iyo masu rufe jiki duka har da kai, ɗakunan mata daban, shugabar tafiyar ma mace ce. Ya daɗe yana juya kofin shayi a hannunsa, sannan ya ce in na ci jarrabawar iyon ba zai hana ni ba. Daga baya ya gaya min da bakinsa cewa ya yarda ne don ya tabbata ba zan ci ba.

Saura inda zan koya. Wuraren iyo na gari maza da mata ne a cakuɗe, ɗan lokacin da suka ware wa mata kuma ya faɗo daidai ranar da nake aji. Sanyi ya wuce, bishiyoyi suka fara toho, ni ko ƙafata ban tsoma a ruwa ba.

A lokacin ina aikin safe a gidan wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, wani makeken gida a ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Ta haura tamanin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, tana zaune a kujera mai taya, amma hankalinta da bakinta garau suke. Mu masu kula da ita Kaka muke ce mata a tsakaninmu. Wata rana bayan na ba ta magani na zauna ina duba littafin kwas ɗin, sai ta ce:

"Me ya same ki? Kwana biyun nan fuskarki kamar ta mai zaman makoki."

Na ce ba komai, Madam. Ta ce ita ba yarinya ba ce. Sai na ba ta labari.

"Ba ki iya iyo ba ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Tura ni bakin taga."

Na tura ta. A bayan gidan akwai tafkin iyo da aka rufe da tamfol, busassun ganye sun taru a kai. Kullum ina ganinsa, ban taɓa kawo shi a raina ba. Ta ce a cikinsa ta koya wa 'ya'yanta da rabin yaran unguwar iyo, kuma tun da ciwo ya same ta ba wanda ya sake shiga. Ta sa na kira mata ɗanta da ke garin Charlotte. Ina jin su suna ta ja-in-ja, shi yana tsoron kada wani abu ya faru a gidan, ita tana ce masa gidanta ne. A ƙarshe ya yarda da sharaɗi biyu: sai bayan na tashi daga aiki, kuma sai da wani babba mai lafiya a wurin. Cikin makon aka zo aka yaye tamfol, aka wanke tafkin, aka kunna hitar ruwa.

Babba mai lafiyar ita ce wadda ke karɓata aiki da rana, wata Hajiya 'yar Maraɗi, mace mai jiki da yawan raha. Da na roƙe ta ta riƙa zama da mu, sai ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Mi za ki yi cikin fisin da girmanki?" Fisin take ce wa tafkin, da bakinsu na Faransanci. "To, ni dai ban iya ruwa ba, amma na iya jan mutum."

Haka ta riƙa tsayawa a bakin tafkin riƙe da doguwar sandar da ake kwashe ganye da ita, kamar mai gadin gona. Kaka kuma tana gefe a kujerarta, bargo a gwiwa, hular rana a ka. Katangar gidan doguwa ce, ba mai ganinmu.

Makon farko ban yi komai ba sai tsoma fuska a ruwa ina hura iska. Ruwan iya ƙirjina, hannuna biyu a kan bakin tafkin, amma da zarar ya rufe min hanci sai in zabura in ɗago ina tari. Kaka ba ta lallashi. Da zoben hannunta mai lafiya take ƙwanƙwasa ƙarfen kujera, ta ce a sake. Na sha komawa gida idona jawur da maganin ruwan, ina cewa a raina gobe ba zan shiga ba. Gobe kuma in tarar ta riga ta sa Hajiya ta fito da ita tana jirana.

Abin da ta fi matsa min a kai shi ne kwanciya rigingine a kan ruwa. Ta ce ko zan manta da komai, kada in manta da wannan: in na rikice, in juya bayana in kalli sama, sauran duk daga baya ne. Ni kuwa da na kwanta sai in ƙanƙame jiki in nutse kamar turmi. Ran da abin ya yiwu ban ma san yadda aka yi ba. Na gaji ne kawai na saki jiki. Kunnuwana suka shige ruwa, duniya ta yi tsit, na ga sababbin ganye suna motsi a sama, ga ƙurar furen bishiyoyi ruwan ɗorawa tana yawo a gefen fuskata. Na daɗe a haka. Da na miƙe tsaye, Hajiya ta ajiye sanda tana tafa hannu, Kaka kuwa cewa kawai ta yi ƙafafuna sun yi ƙasa da yawa, a sake.

Daga nan abu ya fara tafiya. Na koyi bugun ƙafa, na koyi jan hannu, na koyi juya kai in shaƙi iska. Ba kyau iyon nawa yake da shi ba, Kaka ta ce kamar ana jan buhu a ruwa, amma ina isa inda na nufa.

Ranar jarrabawa a tafkin jami'a ni ce ta ƙarshe da ta gama. Sauran sun fito har sun goge jiki ina ta faman zuwa da dawowa. Sai kuma tsayuwa a wuri mai zurfi ba tare da taɓa komai ba, wadda ta fi komai ba ni wuya. Ina ta tuƙa ƙafa ina kallon agogon bango, ruwa na shigar min baki, har farfesa ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Na kama bakin tafkin na kifa goshina a kan hannuna, na kasa fitowa sai da na huta.

Da na faɗa wa maigidana na ci, ya yi hamdala da murya irin ta wanda aka kayar a shari'a. Washegari da ya taso daga aiki ya biya ɗaya daga cikin manyan kantunan Wendover ya sayo min rigar ceto, irin mai hana nutsewa, ruwan lemo mai kashe ido. Na ce ai za a ba mu a can. Ya ce wannan ta fi haske, za a hango ni daga nesa.

Jirgin sama biyu muka hau, sannan kwalekwale mai inji. Tsibirin ƙarami ne, mutum zai zagaye shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Tashar binciken da muka sauka 'yan ɗakunan katako ne a kan dirkoki, ruwan sama ake tarawa a tankuna, wuta kuma sai an tada janareto. Abinci kifi ne da shinkafa da wake kusan kullum, wanda ya sauƙaƙa min. Na nemi alƙibla da wayata, na riƙa shimfiɗa sallayata a barandar ɗakinmu, wasu ƙananan ƙudaje masu cizo suna cin idon sawuna.

An haɗa kowa da abokin aiki, kuma doka ce ba a rabuwa a cikin ruwa. Tawa wata yarinya ce 'yar shekara ashirin daga wani ƙauye a duwatsun yammacin jihar, siririya, mai ƙarancin magana, wadda ke iyo kamar a ruwa aka haife ta. Na ji tausayinta da aka haɗa ta da ni. Na faɗa mata haka, ta ce ita sunayen halittun ne ba sa zama mata a ka, ni kuwa ta ga na haddace su tun a aji, don haka an yi daidai.

Ranar farko a bakin gaɓa muka tsaya, muna koyon numfashi ta bututu da sa gilashin fuska da takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa. A nan na gane ruwan gishiri yana ɗaga mutum fiye da na tafki, hankalina ya ɗan kwanta. Washegari aka kai mu tudun murjanin, wato inda ya taru kamar duwatsu a ƙarƙashin ruwa, da kwalekwale. Kowa ya faɗa ruwa, ni na sauka ta tsani na maƙale a matakin ƙarshe. Ba bango, ba bakin tafki, ba Hajiya da sandarta. Abokiyar aikina tana gefe tana jira. Na yi bisimilla, na saki tsanin, na kifa fuskata.

Murjanin da na sani tun ina yarinya shi ne jan dutsen wuyan da mahaifiyata ke ajiyewa a gwangwani, ba ta fito da shi sai da biki. Da na zama malama na sha zana wa ɗalibaina ƙwayar murjani a allo, ina gaya musu dabba ce ba dutse ba, suna kallona suna rubutawa, ni ma daga littafi na ɗauko. To ga shi yau a ƙarƙashina, kuma ba ja ba ne. Wani ruwan ƙasa, wani ruwan zuma, wani kore-kore. Ga wani dunƙulalle mai zane kamar ƙwaƙwalwa, ya kai girman rumbu ƙarami. Ga wasu kamar mafitai na shunayya suna kaɗawa gaba da baya tare da ruwa. Kifaye kuwa ba su damu da ni ba, suna ta harkarsu kamar 'yan kasuwa. Abin da ban taɓa karantawa a littafi ba shi ne ƙarar wurin. Tas-tas-tas ko'ina, kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. A ciki kuma ana jin gurus-gurus na wani kifi mai baki irin na aku, yana ɓantarar dutsen yana taunawa. Na manta da tsoro har sai da na ji sanyi ya fara kama ni.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Za mu shimfiɗa tef ɗin awo a kan tudun, mu bi shi muna ajiye wani firam na roba mai kusurwa huɗu, mu duba abin da ke ciki: wane irin murjani ne, mai rai ne ko matacce, gansakuka ta rufe shi ko ba ta rufe ba. Abokiyar aikina ke nutsawa ta ajiye firam ɗin, ni ina sama ina rubutawa da fensir a wani farin allo da ruwa ba ya gogewa. Da yamma mu zauna a ɗakin karatu mu tattara abin da muka gani, jiki duk gishiri, kowa na gyangyaɗi.

Bayan 'yan kwanaki sai na fara jin na iya. Rigar ceton tana takura min wuya in na kifa kai, na ga kuma ba wanda ke sa irinta sai ni, sai na fara barinta a kwalekwale.

Ranar da abin ya faru iska ta ɗan tashi, kuma mun je wani sabon wuri kusa da inda tudun ya tsage ruwa ke wucewa ta tsakiya. Farfesa ta gargaɗe mu kada mu kusanci tsagar. Muna cikin aiki abokiyar tawa ta nutsa don ta kwance tef da ya sarƙe. Ni kuma idona na kan allo, ban lura ruwa na jana a hankali ba. Da na ɗago kai in neme ta, sai igiyar ruwa ta mare ni a fuska, bututun ya cika, na shaƙi ruwan gishiri har ƙirji. Na fizge gilashin fuskata ina tari, wata igiyar ta sake rufe ni. Na duba ƙasa, murjanin ya ɓace, sai shuɗi mai duhu wanda ba a ganin ƙarshensa. Na duba sama, ban ga kwalekwale ba, ban ga kowa ba, sai ruwa yana tashi yana sauka.

Na fara dukan ruwa da hannu biyu, ina neman abin kamawa. Na san abin da nake yi shi ne ke kashe mutane, amma jikina ya ƙi jin magana. Yarana suka faɗo min a rai, ƙaramar musamman, wadda ko kitso ba ta yarda kowa ya yi mata sai ni. Ban san daga inda dabarar ta zo ba, ina jin jikina ne ya tuna da abin da aka yi ta maimaita masa a Irving Park. Na juya rigingine. Na buɗe hannuwa. Ruwa ya wanke min fuska sau biyu, na tofar, na ci gaba da kallon sama. Akwai wani tsuntsu baƙi mai dogayen fukafukai yana shawagi can ƙololuwa, na kafa masa ido ina salati a zuci. Numfashina ya fara dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Ni dai na ji an taɓa kafaɗata, sai ga abokiyar aikina ta turo min jar robar da muke ja a bayanmu don alama.

"Riƙe wannan, Madam," ta ce, tana haki. "Sun gan mu. Ga su nan zuwa."

Na rungume robar. Can sai na ji ƙarar inji. Ashe kwalekwalen bai yi nisa ba, igiyar ruwa ce ta tare min shi. Aka jawo ni ciki, na zauna a ƙasa na yi ta aman ruwan gishiri, wani ya lulluɓa min tawul. Allon rubutun yana nan ɗaure a hannuna, aikin ranar bai ɓace ba.

Da muka koma tasha na yi wanka na yi sallah, na daɗe a zaune a kan sallaya. Sai kuma wani tsoron ya zo. Na tabbata farfesa za ta hana ni sake shiga ruwa, in kuwa ta hana, kwas ɗin ya tafi, shekarar da na guje wa asararta ta tafi. Da la'asar ta aiko a kira ni. Na same ta a bakin gadar katako inda ake ɗaure kwalekwale, tana wanke kayan aiki.

"Yaya ƙirjin?" ta tambaya.

Na ce da sauƙi. Na fara ba ta haƙuri, ta dakatar da ni.

"Laifi biyu ne, ɗaya naki ɗaya nawa. Kin cire rigarki, ni kuma na gani ban yi magana ba. Daga gobe ba ki shiga ruwa sai da ita." Ta matse soso ta ajiye. "Na sha ganin gwanayen iyo sun rikice a wurin nan, sai an yi kokawa da su kafin a fito da su. Ke na hango ki kwance kina jira. Wa ya koya miki?"

Na ce wata tsohuwa ce da ba ta iya tashi daga kujera. Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba, ta gyaɗa kai, ta ce in je in ci abinci, gobe da sassafe za a fita.

Na koma ɗaki ina jin kamar an sauke min dutsen niƙa daga ka. Da yamma da aka samu layi na kira gida. Na gaya wa maigidana ruwa ya ɗan ja ni amma lafiya lau nake, sauran bayanin na bari sai na dawo. Ya tambaya ko ina sanye da rigar. Na ce daga yau dai ba zan cire ba. Ya ce Allah ya tsare gaba, ya miƙa wa yara wayar, suka yi ta tambayata da Turanci ko na ga shak, kifin nan mai cin mutane.

Shiga ruwa washegari ya fi na ranar farko wuya. Na daɗe a kan tsani. Amma na shiga, cikin rigata mai ruwan lemo, kuma abokiyar aikina ta ɗaura igiyar robar alama a kusa da ni. Haka muka ƙarasa sauran kwanakin.

Ana saura kaɗan mu tafi iska ta kwanta, farfesa ta ce za mu je wani wuri da ta daɗe tana bibiya. Tun a aji ta ba mu labarinsa. Murjani yana rayuwa ne da wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a cikin naman jikinsa, su ke ba shi abinci da launi. In ruwa ya yi zafi da yawa sai ya kore su, ya koma fari fat, in zafin ya daɗe kuma ya mutu. A zuwanta na baya ta bar wurin fari kamar ƙasusuwa, kuma ba ta san abin da za mu tarar ba. Ita ta fara shiga ruwa, muka bi ta.

Irin murjanin nan ne mai rassa masu faɗi kamar buɗaɗɗen hannu. Gefe guda ya mutu, gansakuka ta lulluɓe shi, wasu rassan sun karye sun zube. Na ji zuciyata ta karaya. Amma da muka zagaya ɗaya gefen, inda ruwa ya fi motsi, sai ga rassa tsaye ruwan zuma, lafiyayyu, ƙananan kifaye na shige da fice a tsakaninsu. Bakin kowane reshe fari ne, na ɗauka ciwon ne bai gama warkewa ba. Na ɗago na tambaye ta. Ta cire bututu daga bakinta ta ce a'a, wannan farin sabon toho ne, girma yake yi. Ta sake nutsawa, ta daɗe tana bin rassan ɗaya bayan ɗaya da kyamara. Da muka hau kwalekwale ta ce kada mu yi saurin murna, wani zafin na iya dawowa. Amma duk hanyar komawa tana ta hira da mai tuƙi tana dariya, har ta cinye burodinta ta karɓi na wani.

Ni da abokiyar aikina muka gabatar da ɗan bincikenmu a daren ƙarshe kafin a kashe janareto, ita ta yi bayanin yadda muka auna, ni na yi na abin da muka samu. Ba wani babban abu muka gano ba. Mun ci kwas ɗin dai.

Maigidana da yara suka tarye ni a filin jirgin Greensboro. Na yi baƙi, fatar hancina na saɓulewa, shatin gilashi ya fito a fuskata. Ya karɓi jakata ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Sannu da zuwa, Malama." A mota na ba shi labarin duka, ban rage komai ba. Bai katse ni ba, sai dai na ga ya riƙe sitiyari da hannu biyu har muka iso gida.

Ranar Litinin na koma aiki. Hajiya ta zo da wuri don kada labari ya wuce ta. Na tarar Kaka ta ɗan rame, an ce ta yi mura bayan tafiyata, amma ta warware. Na dafa mata shayi, na gyara mata matashi, muka fito da ita baranda. Ta ce in fara daga farko kuma kada in tsallake komai. Da na zo wurin da ruwa ya ja ni, Hajiya ta dafe ƙirji tana salati, Kaka kuwa tambayata ta yi ko ruwan da sanyi. Ta fi son jin launin kifayen, da ko gaskiya ne yashin bakin teku daga cikin kifin nan mai bakin aku yake fitowa. Na ce gaskiya ne, na gani da idona. Ta yi dariya har ta yi tari.

Ina cikin ba ta labarin rassan da suka farfaɗo na ga kanta ya karkata, barci ya ɗauke ta. Na zare kofin daga hannunta, na ja mata bargo. Hajiya ta matso da kujerarta kusa da ni ta rage murya.

"Ci gaba," ta ce. "Ni ban yi kwana ba."